Na'urar Ƙara Ƙarfin Inji a Motar A-Kori-Kura Mai Shan Dizal: Yadda Ake Binciken Matsalarta



Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata, wato gyaran injin dizal. Na zaɓi wannan batu ne saboda na lura da yawa daga cikinmu sun mallaki motocin a-kori-kura. Da su muke kai taki gona, da su muke kwaso amfanin gona zuwa birni, wasu kuma da su suke aikin kwangila. Irin wannan mota jari ce, idan ta kwanta, abincin gida guda ne ya tsaya.

Bari in soma da abin da ya faru a gabana. Wani ɗan'uwanmu ya sayi Hilux mai injin dizal lita 3.0, wadda aka riga aka yi amfani da ita a ƙasar waje. A cikin gari lafiya lau take tafiya. Amma duk ranar da ya yi mata lodin buhunan masara ya kama hawa, sai fitilar gargaɗi ta kama, ƙarfin motar ya zube, ta koma rarrafe. Idan ya kashe ta ya sake tayarwa, sai ta miƙe kamar ba ita ba. An canja mata filta, an canja nozul guda huɗu, har an fara yi masa maganar sayen sabon famfon mai. Kuɗin da ya kashe sun isa sayen bijimin sa. Ranar da ya kawo mini ita, na buɗe gaban motar na tarar da wani ɗan akwati, bai fi tafin hannu ba, an ɗaure shi a bayan batir. Shi kansa mai motar bai san da zamansa ba. Injin ba shi da laifi, nozul ɗin da aka zubar ma ba su da laifi.

Yadda injin dizal na zamani yake shan mai

Kafin a gane aikin wannan akwati, sai an san injin da aka maƙala shi a kai. Tsofaffin injinan dizal da muka taso muka gani, famfo ne yake raba wa kowane nozul mai kai tsaye. A shekarar 1995 kamfanin Denso na Japan ya fito da wani sabon tsari a manyan motoci, a 1997 kuma tsarin ya shiga ƙananan motoci a Turai ta hannun Bosch da Fiat. A wannan tsari, famfo yana tura mai cikin bututun ƙarfe guda ɗaya, mai ya taru a ciki da matsi mai tsanani, dukkan nozul suna sha daga gare shi. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke tafiyar da inji, ita ce ke yanke lokacin da kowane nozul zai buɗe da yawan man da zai fesa. Irin wannan tsari ne a injinan Hilux masu lamba 1KD da 2KD, haka kuma a 1GD da 2GD da suka gaje su a 2015.

Matsin da ke cikin bututun nan yakan kai ba 1,600 zuwa 2,000 a injina da yawa. Don mu kwatanta, iskar da ke cikin tayar motar ba ta wuce ba 2 zuwa 3 ba. Ƙwaƙwalwar mota ba ta da ido. Abin da sensa da ke jikin bututun ta gaya mata, shi take ɗauka gaskiya.

Abin da na'urar take yi

A nan ne na'urar ƙara ƙarfi take shigowa. Mafi yawan irinta ana sa su ne tsakanin sensa da ƙwaƙwalwa, su zama ɗan aike mai rage saƙo. A misali, idan na'urar tana rage kashi 10 cikin 100 na abin da sensa ta faɗa, ƙwaƙwalwa kuma tana neman ba 1,600, to za ta yi ta matsa wa famfo har sai ta ji an ce mata 1,600, alhali matsin gaskiya ya doshi 1,780. Mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, direba ya ji daɗi. Wasu na'urorin suna taɓa saƙon sensar iskar turbo ma, wasu kuma suna tsawaita lokacin buɗewar nozul.

Sai dai masu ƙera injin sun sa masa matsaro. A ƙarshen bututun akwai wani bawul da yake buɗewa idan matsi ya wuce iyaka, ya mayar da mai tanki. Da ya buɗe sai matsi ya faɗi farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta ɗauka mai ne yake yoyo, ta rage wa inji ƙarfi don ta kare shi. Wannan shi ne ɗingishin da motar ɗan'uwanmu take yi a kan hawa. Kashe inji yana sa bawul ɗin ya koma mazauninsa, shi ya sa take miƙewa. Amma bawul ɗin da ya yi ta buɗewa yakan gaji, ya riƙa sakin mai tun matsi bai kai iyaka ba. Saboda haka bayan mun cire akwatin, sai da muka canja wannan bawul kafin motar ta warke sarai.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne lura. Yaushe matsalar take zuwa? Da sanyin safiya ne ko bayan inji ya yi zafi? Da lodi ko ba lodi? Bayan ruwan sama ko bayan an wanke inji? Matsalar da ke bin lodi da hawa tana nuna batun matsi ko ƙarancin mai. Wadda ke bin ruwa ko gargadar hanya kuwa, galibi ta waya ce da soket.

Na biyu, a sa na'urar bincike a karanta lambobin da ƙwaƙwalwa ta ajiye, a rubuta su a takarda kafin a goge. Kada a yarda wani ya cire kan batir don fitila ta mutu, domin wannan kamar korar shaida ne kafin a zauna shari'a. Lamba P0087 tana nufin matsin mai ya yi ƙasa, P0088 ya yi sama, P0093 ƙwaƙwalwa tana zargin babban yoyo. Daga P0191 zuwa P0193 maganar sensa ce da wayoyinta. P0234 iskar turbo ta yi yawa, P0299 ta gaza. A tuna fa, muddin akwatin yana jone, matsin da na'urar bincike take nunawa shi ma na ƙarya ne, tunda daga bakin ƙwaƙwalwa take ji.

Na uku, kuma shi ne ginshiƙin aikin, a cire na'urar gaba ɗaya. A kashe mota, a zare makulli, a dakata 'yan mintoci, sannan a cire wayoyinta a mayar da soket na asali kan sensa. Juya maɓallinta zuwa sifili bai wadatar ba, domin saƙo yana nan yana bi ta cikin wayoyinta. Daga nan a goge lambobi, a hau hanyar da ta saba kawo matsalar, da irin lodin da aka saba. Gwajin da aka yi da mota fanko a kan shimfiɗaɗɗen titi ba ya tabbatar da komai.

Na huɗu, idan matsalar ta tafi, to laifin yana wurin na'urar, ko wayoyinta, ko yadda aka saita ta. A duba ko an juya soket a baibai, domin wasu suna shiga ta kowace fuska. A duba ƙafafun soket ko sun yi kore saboda ruwa, ko sun saki. A bi wayar a ga ko ta goga da ƙarfe ko ta kusanci salansa ta ƙone. Sensar matsi tana da waya uku: mai kawo wuta bolt 5, ta as, da ta saƙo. Idan an murɗa makulli ba a tayar da inji ba, wayar saƙo takan nuna tsakanin rabin bolt da bolt ɗaya, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta. Sannan a tabbatar an yi na'urar ne don wannan injin, domin ta 2KD ba lallai ta dace da 1KD ba. Wanda ya nace sai ya mayar da ita, ya soma daga mataki mafi ƙasa, ya riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da lodi.

Na biyar, idan an cire ta matsalar ba ta tafi ba, to ko dai ta riga ta yi ɓarna, ko kuma ta tona wata cuta da take kwance. A bi daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da filtar mai da ruwan da ya taru a ƙarƙashinta, sai filtar iska, musamman lokacin hunturu. A duba ko iska tana shiga layin mai, ko robar turbo ta tsage. Sai a zo kan bawul ɗin da ke jikin famfo mai daidaita shigar mai, da bawul ɗin ƙarshen bututu da na ambata. Nozul su ne na ƙarshe, kuma ba a yanke musu hukunci da ka. Ana auna yawan man da kowanne yake mayarwa a cikin 'yan kwalabe, wanda ya zarce 'yan'uwansa shi ne abin zargi.

A nan ina da gargaɗi ga 'yan'uwana kanikawa. Tsohuwar dabarar sassauta bututun nozul inji yana aiki don a gano wanda ba ya ci, ta mutu tare da tsofaffin injina. Man da ke fita da irin wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, har yakan kai ga yanke yatsa.

Alamun da ba sa kunna fitila

Akwai ɓarnar da ƙwaƙwalwa ba ta kamawa. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi ƙarfin iska, kuma zafin cikin inji yana hawa. Masu aikin dizal a Amurka sun saba riƙe digiri 1,250 na ma'aunin Faranhait, wato kusan 680 a ma'aunin Salsiyas, a matsayin iyakar da bai kamata zafin hayaƙi ya daɗe a samanta ba idan an auna kafin turbo. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a digiri 660. Sanyayawar da baƙin mai yake yi masa ce take tsare shi, ita ma tana da iyaka. Allurar zafi da ke gaban direba zafin ruwan lagireto take aunawa, ba za ta gaya maka wannan ba sai aikin gama ya gama. Haka nan idan ka taka totur a babbar giya ka ji inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ya fara zamewa saboda ƙarfin da ba a yi shi dominsa ba.

Masu sayar da na'urar sukan ce tana rage shan mai, su nuna maka lissafin da ke fitowa a allon mota. Wannan lissafi ƙwaƙwalwa ce take yin sa, ita kuwa ba ta san yawan man da ake fesawa a zahiri ba. Hanyar gaskiya ita ce ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka yi tafiya, ka sake cikawa, ka raba.

Ga mai niyyar saye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka biya kuɗin motar da ta fito daga waje, ka sa a duba ko akwai baƙuwar waya a kan sensar bututun mai. A 2020 wani rahoton hukumar kare muhalli ta Amurka ya ƙiyasta cewa an cire na'urorin tace hayaƙi daga motocin a-kori-kura masu dizal fiye da 500,000 a ƙasar cikin shekaru goma, kuma irin wannan aiki yana tafiya ne tare da sauya saitin inji. Wani sauyin ba a ganinsa da ido, domin a cikin ƙwaƙwalwar aka rubuta shi. Irin wannan, mayar da shi yadda yake yana bukatar na'urar da aka yi aikin da ita tun farko, ko ƙwararren da ke da ainihin saitin kamfani. Mai sabuwar mota kuma ya sani, sa wannan na'ura yana iya ɓata masa garantin da aka ba shi.

Kammalawa

'Yan'uwa, shawarata ita ce: motar da take ɗaukar lodi a zafin ƙasarmu, tana shan man da ba kullum muke da tabbacin tsabtarsa ba, a bar ta da ƙarfin da aka ƙera ta da shi. Kuɗin na'urar a sayi filta mai kyau da su, a riƙa juyen baƙin mai a kan kari, a guji garwaya dizal da kananzir, domin dizal ne yake sa wa famfo da nozul santsi. Wanda kuma ya riga ya sa, to ranar da motar ta fara ɗingishi ya gaya wa makanikensa tun kafin a kwance noti ko ɗaya.

Ina kira ga matasanmu da ke koyon kanikanci su haɗa da koyon karanta na'urar bincike da awon wuta, domin nan aikin ya koma.