Gonar Gado da Fulotin Birni: Jawabi ga 'Yan Furfuri Mazauna Birane



An umurce ni da in yi tsokaci a kan yadda gonakinmu ke komawa fulotai. Na karɓi wannan aiki cikin nauyin baki, domin mu da ke zaune Gusau, Kaduna, Kano da Abuja, mu ne masu sayar da rabon gadonmu idan buƙata ta taso, mu ne kuma masu saye idan aljihu ya yi nauyi.

Tun daga 1 ga Oktoba 1996, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni, ta kuma fara miƙe ƙafa ta kowace kusurwa. Garin da ke maƙwabtaka da hedikwatar jiha ba zai tsira daga idon dillalai ba. Lissafinsu mai sauƙi ne: hekta ɗaya tana ba da fuloti kusan 21 mai ƙafa 50 da 100, kafin a fitar da hanyoyi. Wane damin gero ne zai yi gogayya da wannan kuɗi a shekara guda? Sai dai kuɗin fuloti sau ɗaya ake karɓarsa, gona kuwa kowace damina tana biya.

Jama'a, ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Ta raba ta gida biyu: ta birni, wadda gwamna ke kula da ita kai tsaye, da ta karkara, wadda ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallakarta bisa al'ada, har hekta 500 domin noma ko 5,000 domin kiwo. Sashe na 3 ya ba gwamna ikon ayyana wani yanki a matsayin birni. Ranar da aka yi haka, hukuncin gonar ya sauya, ko da mai ita yana cikin huɗa bai ji labari ba. Sashe na 36 kuma ya hana a yayyanka gonar karkara da aka riƙe tun kafin dokar a mayar da ita fulotai. To ashe takardar da dillali ya rubuta, shaidu biyu suka dangwala, ba ita ce garkuwar da muke zato ba. In gwamnati ta karɓi wuri domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka da sauran aikin da aka zuba, ba ta ƙasar kanta ba.

Rabon gado haƙƙi ne, ba mai jayayya da shi. Amma kakanninmu sun san gandu, sun san gayauna: kowa da ɗan yankinsa, babbar gona kuwa tana nan a haɗe. Yau magada takwas kan raba hekta biyu, kowa ya tashi da abin da bai isa juya garmar shanu ba, sai na birni ya sayar da nasa ga baƙo, ɗan'uwansa da ke gida ya wayi gari da katanga a tsakiyar dawarsa.

Akwai wuraren da bai kamata awon fuloti ya taɓa su ba sam: fadama, bakin gulbi da burtali. Wanda ya yi gini a hanyar ruwa, ambaliya za ta tuna masa. Toshe burtali kuwa, babu ɗan Zamfara da ke buƙatar a faɗa masa abin da rikicin manoma da makiyaya ya jawo mana.

Shawarata ga ƙungiya uku ce. Kowane gida ya nemi takardar mallakar gonarsa daga Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, da sunayen magada duka, mata da maza. Wanda ya matsu zai sayar, ya fara tayar wa 'yan'uwansa kafin dillali. Sannan a naɗa kwamiti ya zauna da hakimi da hukumar filaye ta jiha, a shata inda gari zai faɗaɗa da inda za a bar wa noma, a kawo mana rahoto a taron baɗi.