Haidirojin da Hiliyam: Sinadarai Biyu Mafi Rashin Nauyi



Maganata ta yau a kan sinadarai biyu ce waɗanda ke kan gaba a jadawalin sinadarai, watau haidirojin da hiliyam. Ƙwayar zarra ta haidirojin furoton ɗaya tak gare ta, ta hiliyam kuwa biyu. Babu sinadarin da ya kai su rashin nauyi, babu kuma wanda ya kai su yawa. In aka haɗa taurari da duniyoyi da gas ɗin da ke tsakaninsu aka auna, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin haidirojin ne, kusan kashi ɗaya kuma hiliyam. Baƙin ƙarfe da zinariya da iskar da muke shaƙa duka sai su raba ɗan abin da ya saura, kimanin kashi 2 cikin 100.

A shekarar 1766 wani Baturen Ingila, Henry Cavendish, ya zuba ruwan asid a kan tutiya, ya tara iskar da ta taso, ya nuna cewa aba ce mai zaman kanta. Daga baya aka gane in ta ƙone ruwa take bari, don haka Lavoisier na Faransa ya raɗa mata suna da harshen Girka, ma'anarsa mai haifar da ruwa.

Labarin hiliyam ya fi wannan ban mamaki, domin a rana aka fara ganinsa tun kafin a same shi a ƙasa. In aka ratsa haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya watsu launi-launi kamar bakan gizo, kowane sinadari kuwa yana da layukansa a ciki, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsansa. Ran 18 ga Agusta 1868 aka yi husufin rana, wani Bafaranshe mai suna Janssen ya duba shi daga Guntur ta ƙasar Indiya, ya ga layuka masu haske a gefen rana. A watan Oktoba na shekarar Norman Lockyer ya ga wani layi rawaya wanda bai dace da na kowane sinadari da aka sani ba, ya ce lalle baƙo ne, aka sa masa suna daga kalmar rana ta Girkanci. Masana da yawa ba su yarda ba, sai a 1895 da William Ramsay ya fitar da shi daga wani dutse mai yuraniyam.

Ina so ɗalibai su saurari abin da ya faru a 1925. A lokacin manyan malamai sun ɗauka kayan da ke cikin rana kusan irin na ƙasa ne. Sai wata ɗaliba a Harvard, Cecilia Payne, ta yi lissafi a kundin digirinta, ta tarar haidirojin da hiliyam sun rinjayi kome nesa ba kusa ba. Wani babban malami, Henry Norris Russell, ya ce ba zai yiwu ba, ita kuwa ta sassauta maganarta, ta rubuta cewa da wuya sakamakon ya zama gaskiya. A 1929 shi Russell ɗin ya bi wata hanya dabam, ya iske lissafinta daidai ne. Mu da muke duba kundin ɗalibai ya kamata wannan ya riƙa faɗo mana a rai kafin mu ja jan biro.

To, me rana ke yi da wannan haidirojin? A tsakiyarta, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, ƙwayoyinsa huɗu kan haɗe su zama ƙwayar hiliyam guda. Kowace daƙiƙa kimanin tan miliyan 600 ake sarrafawa haka, kimanin tan miliyan 4 daga ciki kuma ya rikiɗe ya zama haske da zafi. Da wannan hasken gero ke nuna a gona.

Hiliyam ɗin da muke samu a ƙasa asalinsa dabam ne. Yuraniyam, irin wanda ake haƙa a Arlit, da toriyam su ke fitar da shi sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru, ya taru tare da iskar gas a ƙarƙashin duwatsu. Ƙasashe kaɗan ne ke tace shi da yawa, cikinsu har da Amurka da Katar da Aljeriya. Ba ya kama wuta, shi ya sa aka fi son sa a jiragen balan-balan. Jirgin Jamus mai suna Hindenburg haidirojin aka cika masa domin Amurka ta hana fitar da hiliyam, ya kama wuta a 1937, mutum 36 suka hallaka.

Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa a asibiti yake. Ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma da wannan ruwa ake sanyaya maganaɗisun na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki. Ga inda matsalar take: in ya kuɓuce sama yake yi, a ƙarshe ya bar duniya ɗungurungum, babu kuma masana'antar da ke ƙera shi. Saboda haka duk sa'ad da na ga an cika balan-balan ɗari da shi a wurin biki an sake su, raina kan sosu. Jami'in da zai sa hannu a sayo wa asibiti irin wannan na'ura, ya tambaya tukuna ko tana bukatar ƙarin hiliyam, da inda za a samo shi, da kuɗinsa.

Shi haidirojin ya fi kusa da manomi. Tun 1913 ake haɗa shi da naitirojin na iska a masana'anta bisa hanyar Haber da Bosch, a sami amoniya, daga ita a yi takin yuriya. Masana'antun taki na Eleme da Lekki daga iskar gas suke ciro nasu. An daɗe ana zaton ba a samun sa zalla da yawa a ƙarƙashin ƙasa. Amma a 1987 masu haƙa rijiya a ƙauyen Bourakébougou na ƙasar Mali suka ci karo da wata iska da ta kama wuta, aka toshe ramin. Da aka sake buɗe shi aka auna, sai aka tarar kusan kashi 98 cikin 100 haidirojin ne, a 2012 kuma aka soma ba ƙauyen wutar lantarki da shi.