Malamin Kwamfuta da 'Yan Aji Biyar

 

An ba ni minti goma in yi magana a kan aikin kwamfuta a makarantun firamare. Da na zauna shiri, sai na ga babu abin da ya fi in ɗauko yini guda daga cikin kwanakina in shimfiɗa a gabanku, ku auna da kanku. Na zaɓi wata Talata ta zangon da ya wuce, ana tsakiyar hunturu.

Ban karanta kwamfuta a kwalejin ilimi ba. A wani shagon intanet na koya, da kuɗin aljihuna, lokacin da aka fara jarrabawar TRCN a kan kwamfuta, ƙannenmu sababbin malamai suna fargabar ko linzamin ba za su iya riƙewa ba. Na koya, na koya musu. Saboda haka ranar da aka kawo wa makarantarmu kwamfutar tafi-da-gidanka guda, da firinta, da faifan sola biyu, hedimasta bai yi dogon tunani ba, ya miƙo mini makulli. Babu takarda, babu sa hannu. Tun daga ranar sunana ya koma Malamin Kwamfuta, alhali a jadawali har gobe ni ne malamin aji biyar, mai ɗalibai fiye da tamanin.

A wannan Talatar, ƙarfe bakwai ta same ni a kan tsani da tsumma a hannu. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a kan faifan sola takan tare hasken rana, batir ya ƙi cika, kafin azahar komai ya mutu. Na sauko, aka yi asambuli, na shiga aji na fara darasin lissafi a kan tara rabi da kwata. Ban cika allo ba sai ga yaro a bakin ƙofa: "Malam, hedimasta yana kira." Saƙo ya shigo ta WhatsApp cikin dare, ana son sunayen 'yan aji shida da ranakun haihuwarsu a shigar ta intanet kafin sha biyu. Na rubuta tambayoyi biyar, na ce wa monita ya kula, na fita.

Ofishin hedimasta ba ya kama sabis. Akwai wata darbejiya kusa da katanga, a gindinta nake ajiye benci, in kunna datar wayata in haɗa da kwamfutar. Datar tawa ce. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kowa ya san yadda take ƙonewa, kuma ban taɓa ganin layi a kasafin makaranta da aka rubuta mata ba.

A nan nake so in ɗan tsaya, domin mutane suna ɗauka shigar da suna ƙaramin aiki ne. Yaro guda, a rajistar aji ɗaya an rubuta shi Muhammad, a takardar haihuwa Mohammed, uban kuma ya ce a gida Mamman ake kiransa. Wata an sa mata sunan kaka a madadin na uba. Wasu ba su da takardar haihuwar sam, sai a ce an haife su shekarar da aka yi ambaliya. Kwamfuta ba ta san lalama ba, abin da ka danna shi take riƙewa. Sunan da muka shigar yau shi zai bi yaro zuwa sakandare, kuma tun 2021 babu mai yin rajistar JAMB sai da lambar NIN. Idan harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardu, iyaye ne za su sha zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa, a wani lokaci ma yaro ya rasa shekara guda. Wannan nauyin aka ɗora a kan mutumin da rabin hankalinsa yana can wajen hayaniyar da yake jiyowa daga ajinsa.

Da aka fita tara, firinta ta cije takarda. Wata malama ta kawo wayarta, ta manta lambar sirrinta. Wani ya zo a duba masa ko albashi ya shiga. Ba na ƙin ko ɗaya, 'yan'uwa ne. Shafin da ake shigar da sunayen kuwa ya yi ta juyawa, har sha biyu ta gota ban wuce rabi ba, aka ce an ɗaga ƙafa zuwa safiya.

Na koma aji saura minti ashirin a tashi. Tambayoyi biyar ɗin suna nan a allo, 'yan ƙalilan ne suka taɓa su. Wata yarinya da ke zama a gaba, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, jiya ma a nan muka tsaya." Ba rashin kunya ta yi ba, gaskiya ta faɗa, kuma ban sami amsar da zan ba ta ba.

Bayan la'asar nakan buɗe ɗan shagon da nake POS da cajin waya a bakin titin unguwarmu. Ba sai na faɗa wa wannan zauren dalili ba. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, an sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, kowannenmu ya san abin da ya shigo hannunsa da abin da kwanon masara ya koma. A cikinmu akwai masu tuƙa A Daidaita Sahu, akwai masu ɗinki, akwai malamai mata masu soya awara. Sana'a ba abin kunya ba ce. Amma shagon POS yana son ido biyu: ka ƙirga kuɗi, ka tabbatar alat ɗin da aka nuna maka ba na bogi ba ne, ka tuna wayar wa ke kan wace caja. A kan teburin nan nake makin littattafai, a kansa kuma na buɗe kwamfutar makaranta a daren don in ƙarasa sunayen, tunda sabis ya fi kyau bayan isha'i.

Wajen sha ɗaya saura na gama, na tura. Bayan mako biyu wata uwa ta zo makaranta da takardar haihuwar 'yarta a ƙunshe cikin leda. Na juya rana da wata: an haifi yarinyar ran uku ga watan bakwai, ni kuwa na shigar da bakwai ga watan uku. Kuskurena ne, ban ɗora wa kowa ba. Sai da na yi sawu uku kafin a gyara, duk a lokacin da ya kamata a ce ina aji. Da uwar ba ta iya karatu ba fa?

Ranka ya daɗe Shugaba, ba roƙon a ɗauke mini kwamfutar na zo yi ba. Ina son aikin, na kuma ga amfaninsa ranar da na nuna wa yara hoton zagayen duniya da rana suka yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Abin da nake roƙo shi ne reshe ya nemi a mayar da wannan aiki rubutacce. Duk wanda aka miƙa wa makulli a ba shi takarda, a rage masa darussa a jadawali, a faɗi wanda zai riƙe ajinsa idan saƙon gaggawa ya zo. In ba haka ba, yara tamanin ne suke biyan kuɗin aikin da sa'o'in karatunsu, ba tare da an tambaye su ba. A kuma koya wa mutum na biyu a kowace makaranta, in so samu ne malama, domin iyaye mata sun fi sakin jiki da ita wajen maganar shekarun 'ya'yansu. Ranar da na kwanta zazzaɓi, kwamfutar ma kwanciya take yi.

Sai batun data, wanda ya wuce maganar kuɗi. Sunayen 'ya'yan mutane, da hotunansu, da lambobin iyayensu, duk suna cikin wayata, wayar da nake ajiyewa a kan teburin shago da dare. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Idan aka fizge wayar nan gobe, wa za a tuhuma? Makaranta ta cancanci layinta da wayarta, a kulle su a ofis idan an tashi.

Na san ba ni kaɗai ba ne, ina hango wasu suna gyaɗa kai a baya. Na roƙi Malam Sakatare ya ajiye takarda a bakin ƙofa. Duk wanda yake riƙe da makullin kwamfutar makarantarsa ya rubuta sunansa, da ajin da yake koyarwa, da yawan darussan da yake ganin ya rasa a zangon da ya wuce, domin shugabanni su tafi da adadi a hannu idan za su zauna da hukuma a wata mai zuwa.