Gaskiya Nawa Ce?



Kwanan baya na je wani suna a Kaura Goje, sai gardama ta kaure tsakanin wasu mata biyu a kan rigakafin yara. Da abin ya ƙi ƙarewa sai ɗayar ta ce, "Yaya, ki riƙe gaskiyarki, in riƙe tawa." Kowa ya yi dariya, aka ci gaba da rabon waina. Ni kuwa na koma gida da tambaya a raina: shin gaskiya kamar zane ce, kowace mace da nata?

Mu tuna abin da ya faru a garin nan. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin magani a kan yara 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Wannan ya faru, ba ƙage ba ne. Saboda haka da jita-jita ta bazu a 2003 cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, iyaye mata da yawa suka tsorata. Wa zai ga laifinsu? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gwamnatin jiha ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunisiya.

To, amma ita cutar ba ta jira an gama gardama ba. Ta ci gaba da nakasa yara, ta tsallaka har Sudan da Yaman. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci kuwa, da yawansu ga su nan a ɗakunansu da goyo.

Kun gani ke nan, 'yan uwa. Tsoron da uwa ta ji nata ne, ba mai ƙaryata ta. Amma abin da ke cikin kwalbar nan ɗaya ne, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Haka yake a tsakar gida. Zafin da kika ji a ranki gaskiya ne, amma ko kishiyarki ta faɗi maganar da aka kawo miki, wannan amsarsa ɗaya ce: ta faɗa ko ba ta faɗa ba.

Mu da muke cikin gida, labari a bakin wani yake zuwa mana: ɗan aike, dillaliya, yanzu kuma waya. Suratul Hujurati ta hore mu da bincike kafin mu yi aiki da labari. Ki tambaya: wa ya gani? A ina? Yaushe? In maganar lafiya ce, ki nemi izinin maigida ki je ki ji daga bakin malamar asibiti.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.