Kyanwa da Shuke-shuken Tsakar Gida



Jawabin wannan wata a kan kyanwa ne, wadda wasu ke kira mage, da shuke-shuken da ake ajiyewa a cikin gida.

Kowane manomi ya san amfanin kyanwa. Gidan da take, ɓera ba ya sakewa a rumbu. Kowace uwargida kuma ta san amfanin shuka a tsakar gida. Wata ta dasa albasa a tsohuwar tukunya, wata ta sa fure a gwangwani don ƙawata ƙofar ɗaki. Duka biyun abin so ne. Amma wasu shuke-shuken suna da guba, kyanwa kuwa ba ta sani ba.

Me ya sa take taɓa shuka?

Kyanwa dabba ce mai cin nama. Duk da haka takan tsinki ciyawa ta tauna. Ƙaramar kyanwa ta fi ɓarna, domin duk ganyen da iska ta kaɗa sai ta kai masa cafka. Wani lokaci ba sai ta ci ba. Ruwan shuka ya taɓa gashinta, ta zo tana lasar jikinta, shi ke nan ya shiga ciki. Hantarta kuma ba ta iya tace wasu gubobi yadda ta mutum take yi. Abin da ba zai dami babba ba yana iya kashe ta.

Shuke-shuken da za a kula da su

Na farko, kariya. Furenta ja yana da kyau, shi ya sa ake dasa ta a tukunya. Amma ruwanta dafi ne mai taɓa zuciya. Mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna yin dafin kibiya da shi.

Na biyu, masu farin ruwa kamar nono, wato tumfafiya da tinya da aguwa. Ruwansu yana ƙona baki da ido. Na tumfafiya har zuciya yake taɓawa.

Na uku, zurman da bini-da-zugu da zaƙami. 'Ya'yansu suna da guba ƙwarai. A riƙa share waɗanda suka zubo ƙasa.

Na huɗu, albasa da tafarnuwa. Wannan zai ba mutane mamaki, tun da kullum ana cin su. Ga kyanwa kuwa suna lalata jini. Albasa giram 15, kamar cikin babban cokali ɗaya, ta isa ta taɓa jinin kyanwa mai nauyin kilo 3. Ɗanya da dafaffiya duk ɗaya ne. Ciwon ba ya fitowa nan take, sai bayan 'yan kwanaki. Saboda haka kada a riƙa zuba mata ragowar miya mai albasa da yawa.

Na biyar, furen lili da ake sayarwa a birane. Ko ɗan ganyensa, ko garin furensa, yana kashe ƙodar kyanwa cikin kwana 3. Gidan da ke da kyanwa kada a shigo da shi sam.

Yadda za a yi rigakafi

Ɗora tukunya a kan katanga ba dabara ba ce, domin katanga hanyar kyanwa ce. Ga abin da ya fi:

1. Shuka mai dafi, a fitar da ita bayan gida, ko a kewaye ta da ragar waya.

2. Ƙaramar shuka, a rataye ta a ragaya, nesa da bango da taga.

3. A rufe ƙasar tukunya da manyan tsakuwa. Kyanwa ba za ta tona ta yi kashi ba. Wannan kariya ce ga mutane ma, domin kashin kyanwa yana iya ɗauke da cuta mai illa ga ɗan da ke cikin ciki. Mai juna biyu kada ta kwashe shi da hannu.

4. A shuka mata ciyawarta. A zuba alkama tafi ɗaya a kasko mai ƙasa, a riƙa ba ta ruwa. Cikin kwana 7 zuwa 10 za ta tsiro. Kada a yi da dawa, domin ɗanyen tsiron dawa yana da guba. Makiyaya sun san yadda yake kayar da shanu. Kada kuma a yi da irin da aka gauraya da magani.

5. Idan an yi wa shuka feshin maganin ƙwari, a hana kyanwa zuwa wurin har ya bushe.

Idan ta riga ta ci fa?

Alamomin su ne dalalar da miyau, amai, zawo, tangaɗi, ƙin abinci, ko laɓewa a lungu. A buɗe bakinta a hankali a duba dasashi. Idan ya yi fari fat, jini ya ragu.

A goge mata baki da jiki da tsumma mai ruwa. A tsinki ganyen da ta ci, a tafi da ita da shi wurin malamin dabbobi ran nan. Kada a jira gobe.

Kada a ɗura mata gishiri don ta yi amai. Kada a ɗura mata manja ko madara da ƙarfi, suna iya sarƙe ta su shiga huhu. Babban gargaɗi kuma, kada a ba ta Panadol. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe kyanwa.

Jama'a, a tuna abu guda. Inda kyanwa take kai bakinta, nan yaro mai rarrafe yake kai hannunsa. Tukunyar kariya da 'ya'yan zurman ba su san dabba ba, ba su san ɗan mutum ba. Yau idan an koma gida, maigida da uwargida su zagaya tsakar gida tare, su duba kowace shuka, su kawar da mai dafi. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye mu da iyalinmu da dabbobinmu, amin.