Tumakin Larzac da cukun Roquefort



Idan aka ambaci Faransa, hankalinmu Paris yake tafiya. Yau ina so mu bar babban birni mu gangara kudu, jihar Aveyron, ƙasar duwatsu da makiyaya. A can akwai tudun Larzac, fili ne mai faɗi, ruwan sama na sauka ya shige cikin dutse nan take, ciyawa gajera, itatuwa ƙalilan. Wanda ya san dajin Tahoua ba zai ji baƙunta sosai ba, sai dai sanyi.

A gefen tudun akwai ƙauyen Roquefort, wanda cukunsa ya zagaye duniya. Da nonon tumaki ake yin sa, irin da ake kira Lacaune, sannan a kai shi kogunan dutsen Combalou. Dutsen yana da tsage-tsage da iska mai sanyi da danshi ke bi dare da rana, ita ke renon shuɗiyar fumfunar da ke ba cukun ɗanɗanonsa. Na san wasunku sun yamutsa fuska. Wanda ya saba da busasshen cukunmu na Abzin, da ƙyar zai yarda cewa fumfuna abin saye ce da tsada.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne doka. Tun 1925 gwamnatin Faransa ta kare sunan: duk cukun da bai kwana cikin kogunan nan ba, ba shi da izinin amsa sunan Roquefort, kome kyansa. Wannan ya hana mai kwaikwayo karya farashi, ya sa makiyayi zama kan tudunsa. Masu fataucin albasar Galmi da ke zaune a nan sun san yadda ake sayar da wata albasa da sunan tasu a kasuwannin bakin teku.

Ƙasar ma sai da aka yi gwagwarmaya a kanta. A 1971 gwamnati ta sanar za ta faɗaɗa barikin soja na Larzac daga hekta 3,000 zuwa 17,000. Manoma 103 suka rantse ba mai sayar da gonarsa. A 1972 suka kwashi tumaki a mota suka sake su gindin hasumiyar Eiffel. Shekara goma ana ja-in-ja ba tare da bindiga ba, har Miteran ya hau mulki a 1981 ya soke shirin. A 2011 UNESCO ta sanya yankin cikin kayan gadon duniya saboda kiwo.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi ƙarshen watan Mayu, ya ƙarasa arewacin jihar, tudun Aubrac, lokacin da ake hawa da shanu mashekari an yi musu ado da furanni. Ranar ana cin aligot, dankalin turawa ne da aka tuƙa da ɗanyen cuku har yana ja kamar igiya.