Makarantar Wusasa: Da Yayyafi Kogi Kan Cika



An ba ni in yi magana a kan ilimin 'ya'yanmu na karkara. Zan kawo tarihin makaranta guda, domin mu auna kanmu da shi.

A shekarar 1905 Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana kuma koya wa yara karatu da rubutun boko. Da hukuma ta ga bai dace mishan ya ci gaba da zama cikin ganuwa ba, sai aka ba su fili a waje. A 1929 suka koma Wusasa, a gindin dutse. A lokacin nan wurin ƙauye ne sosai. Nan aka gina majami'ar ƙasa irin ginin Hausa, da asibiti, da makarantar St Bartholomew.

Yaran da suka shiga ajin nan 'ya'yan manoma ne da na masu bishara. Amma ku duba abin da ya fito. Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, a nan ya fara karatu, ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. A waɗannan shekaru kuma wani tsohon ɗalibin makarantar, Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, shi ke riƙe da Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasa na farko a kujerar. Ban da su akwai malamai da ma'aikatan jinya masu yawa da suka yi wa Kirista da Musulmi hidima.

Mene ne asirin? Malami yana zaune a garin, ya san kowane yaro da gidansu. Iyaye kuwa sun ɗauki makarantar tasu ce. Bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970, da yawanmu muka naɗe hannu, muka ce ai ta gwamnati ce. Yau kwano ya yaye, malami ya yi wata bai leƙo ba, ba mai tambaya. Damina ta zo mu kwashe yara zuwa gona, yarinya kuwa mu aurar da ita ba ta iya karanta sunanta ba.

'Yan'uwa, muna kukan ba mu da yawa, ba a jin muryarmu. Mutanen Wusasa ma ba su da yawa.

Ina roƙon kowace ikilisiya abu uku. A zaɓi dattawa biyu su riƙa leƙa makarantar gari kowane mako. A samar wa malami ɗaki a cikin gari. A rubuta sunan kowane yaro da ya isa shiga aji, mace da namiji, a tabbata ya shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.